Na'ura A Ofis: Yadda Ma'aikaciya Ke Zama Bare Ga Aikinta

 

A makon nan za mu ɗan fita daga madafa da ɗakin yara mu leƙa ofis. Hirar tamu ta shafi masu cin abinci da ƙwaƙwalwarsu ne, irin su malamar makaranta, da ma'aikaciyar banki, da akawu, da likita, da lauya, da 'yar jarida, da wadda ke zaune tun safe tana shigar da bayanai a kwamfuta. Uwargida, ko da ke ba kya zuwa ofis, don Allah kada ki murɗa rediyon, domin da wuya a ce ba ki da miji, ko ɗa, ko 'ya, ko ƙanwa da ke irin wannan aiki. Wata ma ita ce ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta ta biya wa 'yarta kuɗin makaranta, don dai ta samu kujerar da za mu yi magana a kanta yau.

Akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakin irin waɗannan ma'aikata. Sai ki ji mace ta ce, "Ni fa aikin nan ya fita raina," ko ta ce, "Zuwa kawai nake yi saboda albashi." Mai faɗar haka kuwa tana zaune ne a ofis mai iyakwandishan, ga kwamfuta a gabanta, ba rana ba ruwa. Idan ta faɗa a gida sai a ce ƙoshi ne ke damunta, ga dubban masu digiri can suna yawo da takardu ba su samu ba. Sai ta yi shiru ta haɗiye. Amma masana zamantakewa sun daɗe da sanin wannan ciwo, sun yi shekara fiye da ɗari da hamsin suna nazari a kansa. A Hausance za mu iya kiransa zama bare ga aikinka, wato kana yin aiki da hannunka da ƙwaƙwalwarka, amma kana jin kamar aikin wani ne aka ɗora maka, kai ba ruwanka da shi, shi ma ba ruwansa da kai.

Daga mai ɗinkin hula zuwa mai ɗaura taya

Don mu gane abin sosai, mu fara da abin da muka sani a gida. Dubi mai ɗinkin hula. Ita ke zaɓen zane, ita ke haɗa launin zare, ita ta san lokacin da za ta ɗauki allura da lokacin da za ta ajiye ta duba tukunya. Ta yi makonni tana yi, bayanta ya yi ciwo, idonta ya gaji. Amma ranar Salla idan ta hango hular a kan wani, ko cikin mutum ɗari ne za ta gane ɗinkinta. Kuɗin da ta samu ba lallai ne ya kai wahalar ba, amma aikin nata ne tun daga farko har ƙarshe.

To, a shekarar 1844 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Karl Marx, yana zaune a birnin Faris, ya yi rubutu a kan abin da masana'antu suka yi wa irin wannan dangantaka. Ba siyasarsa ce ta kawo mu ba, abin da ya lura da shi ne muke so. Ya ce ma'aikacin masana'anta ya rabu da abubuwa huɗu: ya rabu da abin da ya ƙera domin ba nasa ba ne, ya rabu da yadda ake yin aikin domin wani ke tsara masa, ya rabu da 'yan'uwansa ma'aikata, sannan ya rabu da baiwar nan ta ɗan'adam ta tunani da ƙirƙira.

An ga misalin haka ƙuru-ƙuru a Amurka a shekarar 1913, a kamfanin motoci na Henry Ford. Maimakon 'yan mutane su taru su haɗa mota guda, sai aka jera ma'aikata a layi, motar na wucewa ta gabansu, kowa da ɗan abin da zai ɗaura. Mai taya taya kawai ya sani, mai kusa kusa kawai. Motar da a da take cin fiye da awa 12 sai ta koma kamar awa ɗaya da rabi. Amma kun san me ya faru? Mutane suka riƙa gudu. A wannan shekarar sai da kamfanin ya ɗauki mutum wajen 52,000 don ya riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba. Dole ta sa a watan Janairun 1914 aka ninka lada ya koma dala 5 a rana. Kuɗin sun tsayar da mutane, amma aikin yana nan yadda yake.

A shekarar 1959 wani masanin harkar gudanarwa, Peter Drucker, ya ce zamani na zuwa da yawancin arziki zai riƙa fitowa daga masu aiki da ilimi, ba masu aiki da ƙarfi ba. Aka yi ta murna, domin an ɗauka mai aiki da ilimi ya tsira daga layin Ford, tunda jarinsa a cikin kansa yake, babu mai iya tsaya masa a ka ya ce yi tunani da sauri. Sai kwamfuta ta shigo ofis.

Wata malama a Jami'ar Harvard mai suna Shoshana Zuboff ta bi ofisoshi da masana'antu a lokacin da aka fara saka kwamfutoci, ta kuma fitar da littafi a kan haka a shekarar 1988. Wata dabara da ta yi ita ce, ta ce wa akawuna, waɗanda yawancinsu mata ne, su zana mata hoton kansu kafin zuwan kwamfuta da kuma bayan zuwanta. A zanen farko ga su nan cikin jama'a, da fara'a a fuska. A zane na biyu kuwa, wata ta zana kanta ɗaure da sarƙa a jikin tebur, wata da kayan fursuna, wata ma ba ta yi wa kanta fuska ba. Ba dukansu ake yi ba, ba kuma zaginsu ake yi ba. Abin da aka ɗauke musu shi ne tashi su tambayi juna, da yin amfani da saninsu wajen yanke hukunci.

Ta ina bareancin ke shigowa?

Ƙofa ta farko ita ce, hukunci ya tashi daga kan mutum ya koma cikin na'ura. Mu ɗauki banki, tunda kowa na shiga. Bayan garambawul ɗin da Babban Bankin Nijeriya ya yi a shekarun 2004 da 2005, bankuna 89 suka koma 25, manya-manya masu rassa birjik, kowane reshe a haɗe da babban ofis ta intanet. An samu sauƙi ƙwarai, wanda ya ajiye kuɗi a Kano zai cire a Fatakwal. Amma ki dubi baiwar Allah da ke bayan kanta. Ta yi digiri a fannin lissafin kuɗi, ta san dattijuwar da ke gabanta shekara da shekaru, ta tabbata ita ce mai asusun, amma yatsan bai hau ba, ko harafi ɗaya ya sha bamban a suna. Abin da kawai za ta iya cewa shi ne, "Hajiya ki yi haƙuri, sistem ne bai yarda ba." Ta faɗi haka sau talatin a rana. A farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, waɗannan ma'aikata ne suka sha zagi da tsawa, har aka far wa wasu rassa a wasu garuruwa, a kan shawarar da ba da su aka yanke ba, ba kuma su da ikon sauya ta.

Haka abin yake har ga likitoci. A Amurka, inda aka mayar da katin marasa lafiya cikin kwamfuta, wani bincike da aka buga a shekarar 2016 ya bi likitoci 57 da agogo a hannu. Aka samu cewa kashi 27 cikin 100 na lokacinsu ne kawai suke fuskantar maras lafiya, kashi 49 kuwa yana tafiya ne a cike-ciken kwamfuta da aikin tebur. Wato duk awa ɗaya da likita ya yi da mutum, sai ya yi kusan biyu da na'ura, wasu kuma su ƙara awa ɗaya ko biyu a gida da dare. Wadda ta yi shekara shida tana karatu don ta warkar da mutane, ta wayi gari rabin yininta akawu ce.

Ƙofa ta biyu ita ce daddatsewar aiki. Gloria Mark, wadda ta koyar a Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine, ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan shafi ɗaya na kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A shekarar 2004 minti biyu da rabi ne. A 2012 ya koma daƙiƙa 75. A binciken da ya biyo baya ya faɗo zuwa daƙiƙa 47. Ki kwatanta da mai tuƙin tuwo da ake kira kowane minti ɗaya, ta ajiye muciya ta je ta dawo. Tuwon zai yi gudaji, ita kuma ta gaji fiye da wadda ta tuƙa tukunya uku. Haka ma'aikaciya ke tashi da yamma a gajiye liƙis, ta amsa saƙo ɗari, amma idan aka ce ta nuna abu ɗaya da ta gama yau sai ta rasa.

Akwai kuma daddatsewar da ta fi wannan, inda ake yanka babban aiki ƙanana-ƙanana a rarraba wa mutanen da ba su san juna ba. A watan Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin wasu matasa a Nairobi ta ƙasar Kenya, waɗanda wani kamfani mai suna Sama ya ɗauka suna karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama, domin a koya wa manhajar ChatGPT ta guje su. Ladansu bai kai dala 2 a awa ba. Duniya ta yi ta mamakin manhajar, su kuwa da suka sha ɗacin aikin babu wanda ya san da su. Layin Ford ke nan ya dawo, sai dai a wannan karon ƙwaƙwalwa aka jera a kai.

Ƙofa ta uku ita ce sa ido. A da shugaba sai ya taso daga kujerarsa zai ga abin da kike yi. Yanzu akwai manhajojin da ke ƙirga sau nawa kika taɓa maɓallan kwamfuta, minti nawa kika yi shiru, wasu ma har hoton allonki suke ɗauka. Jaridar New York Times ta ruwaito a shekarar 2022 cewa takwas daga cikin manyan kamfanoni goma da suka fi yawan ma'aikata a Amurka suna auna ƙwazon ma'aikatansu ɗaya bayan ɗaya da irin waɗannan hanyoyi. Matsalar ita ce na'ura motsi take gani, ba ta ganin tunani. Lauyar da ta jingina da kujera tana nazarin yadda za ta kuɓutar da wanda take karewa, a wurin na'ura zaman banza take yi. Sai mutane suka koma yi wa na'urar wayo. A shekarar 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin yin dabarar da za ta nuna kamar suna danna maɓallai alhali ba sa yi. Kin ga an kai matsayin da mutum ke wahalar nuna cewa yana aiki, aikin kansa kuma ya koma gefe.

Ƙofa ta huɗu ita ce rabuwa da abokan aiki. Magabatanmu a aikin rediyo suna ba mu labarin zamanin faifan tef, lokacin da ake yanka shi da reza a liƙe. Shiri ɗaya sai ya tara mutum huɗu ko biyar a ɗaki: mai gabatarwa, da furodusa, da mai kula da na'ura, da mai buga tafireta. A nan ake gardama, a nan ake gyara wa yara Hausa, a nan ake sanin wanda matarsa ta haihu. Yau mutum ɗaya da kwamfutar cinya zai naɗa, ya tace, ya tura, bai yi magana da kowa ba. Aikin ya fi sauri, sautin ya fi tsabta, babu mai musun haka. Amma sabuwar ma'aikaciya a wurin wa za ta koyi abin da ba a rubuta a littafi ba?

Kamfanin Microsoft ya duba yadda ma'aikatansa fiye da 61,000 suka yi hulɗa bayan annobar korona ta tura kowa gida a shekarar 2020. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna kowa ya ƙanƙame 'yan sashensa, lokacin da ake yi da mutanen wasu sassa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun kafin wannan ma, wani kamfanin tafiye-tafiye a birnin Shanghai na ƙasar Sin mai suna Ctrip ya gwada tura wasu masu amsa waya gida na wata tara, tsakanin 2010 da 2011. Ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Amma da aka gama aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka ce a mayar da su ofis, kuma babban dalilin da suka bayar shi ne kaɗaici. Bahaushe dai ya ce zumunci a ƙafa yake.

Inda abin ya fi taɓa mu mata

Akwai ƙofa ta biyar, kuma ita ce ta fi shigo mana gida. Kafin wayar salula ta zo Nijeriya a shekarar 2001, idan ma'aikaciya ta rufe ofis ta rufe ke nan, sai gobe. Yanzu ofis yana cikin jaka. Ga zauren WhatsApp na ma'aikata, ga na sashe, ga na kwamiti. Ƙarfe goma na dare oga ya turo saƙo, ya kuma ga alamar cewa kin karanta. Kina tsakiyar duba wa yaro aikin makaranta, ko kina kwashe tuwo, ko kuna hira da maigida, sai hankali ya rabu biyu. Namiji idan ya dawo daga aiki sau da yawa hutu ya dawo yi, mace kuwa aiki na biyu ta dawo, ga kuma na farkon ya biyo ta. A ofis tunanin gida, a gida tunanin ofis, ba ta cika a ko'ina ba.

Ko taron bidiyo da ake yabo bai bar mu daidai da maza ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun tambayi mutum fiye da 10,000 a shekarar 2021 game da gajiyar da ke biyo bayan taro ta manhajar Zoom da ire-irenta. Mace ɗaya cikin bakwai ta ce tana gajiya matuƙa, a maza kuwa ɗaya cikin ashirin ne. Babban abin da suka gano shi ne ɗan hoton nan na kanki da ke gefen allo. Awa biyu kina kallon madubi a gaban jama'a, kina duba ko ɗankwali ya zame, ko ɗakin ya yi kyau, ko yaro zai shigo da gudu.

Wannan fa ba shagwaɓa ba ce. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙonewar ƙarfi saboda aiki cikin kundinta, a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Ta ba da alamu uku: gajiyar da ba ta tafiya, da jin zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya riƙa yi masa kallon banza, da kuma raguwar iya aikin. Ku lura da alama ta biyu, ai ita ce muke ta magana a kai tun ɗazu. Hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da yin aikin awa 55 ko fiye a mako.

To, a jefar da kwamfutar ne?

A'a. Wannan ita ce gaɓar da nake so mu riƙe da kyau. Tun a shekarar 1964 wani masani Ba'amurke, Robert Blauner, ya kwatanta ma'aikatan masana'antu iri huɗu: maɗaba'a, da masaƙa, da kamfanin motoci, da kamfanin sinadarai. Da yawan na'ura ne ke kawo bareanci, da 'yan kamfanin sinadarai ne za su fi kowa kuka, domin su ne aikinsu ya fi dogara da na'ura mai sarrafa kanta. Amma sai ya samu 'yan layin motoci sun fi su jin jiki nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, a layin motoci na'ura ce ke kora mutum, a kamfanin sinadarai kuwa mutum ne ke lura da na'ura, yana zagayawa, yana yanke shawara, yana ganin aikin gaba ɗayansa. Ita ma Zuboff abin da ta ƙarƙare da shi ke nan, cewa kwamfuta ɗaya za ta iya rage wa ma'aikaci tunani, za ta kuma iya buɗe masa bayanan da za su ƙara masa sani, ya danganta da abin da shugabanni suka zaɓa. Tambayar dai ita ce, linzamin a hannun wa yake?

Ga shaida ta kusa. Kamfanin nan na Shanghai, wanda daga baya ya koma Trip.com, ya sake gwaji da ma'aikata 1,612, amma a wannan karon kwana biyu a gida, uku a ofis. Sakamakon da aka buga a shekarar 2024 ya nuna masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa, kuma ƙwazo bai ragu ba, ƙarin girma ma bai tsaya ba. Intanet ɗin da ta kawo kaɗaici a gwajin farko, ita ce ta kawo sauƙi a na biyu. Tsarin ne ya bambanta.

Haka zancen yake game da ƙirƙirarriyar basira da ta cika gari tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Wani bincike na shekarar 2023 a kan masu amsa koken abokan ciniki fiye da 5,000 ya nuna cewa waɗanda aka ba irin wannan mataimaki sun ƙara yawan aiki da kusan kashi 14 cikin 100, sababbin hannu kuwa da fiye da kashi 30. Idan malama ta yi amfani da ita ta rage wahalar rubuce-rubuce don ta samu lokacin zama da ɗalibar da ba ta gane ba, an ci riba. Idan kuwa aka ce tunda akwai na'ura a ninka mata aji, ita kuma aikinta kawai ta danna ta tura, to an ƙara mata nisa da aikinta.

Abin yi

Wasu ƙasashe sun fara da doka. A ƙarshen 2011 kamfanin motoci na Volkswagen a Jamus ya amince ya daina tura wa wasu ma'aikatansa imel a waya minti talatin bayan tashi, sai minti talatin kafin komawa. Faransa ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu a tsara lokutan kashe waya, daga ranar 1 ga Janairun 2017. Fotugal ta yi tata a 2021, Ostareliya kuma a 2024 ta bai wa ma'aikaci damar ƙin amsa kiran da bai zama dole ba bayan tashi. 'Yan'uwanmu mata da ke cikin ƙungiyoyin ƙwadago, wannan magana ce da ta cancanci a kai ta teburin tattaunawa tare da ta albashi.

Ke kuma Hajiya da Allah Ya ba shugabanci, ko ke ce shugabar makaranta, ko manaja, ko darakta, da yawa daga cikin maganin a hannunki yake. Kafin a sayo sabuwar manhaja, a tambayi waɗanda za su yi aiki da ita. A bar wa ƙwararriya 'yar ƙofar da za ta yi amfani da hankalinta idan na'ura ta kafe. A auna mutum da abin da ya gama, ba da yawan motsin yatsunsa ba. Saƙon da ya zo miki da dare, in ba na gaggawa ba ne, ki ajiye shi sai safe. Sannan ki nuna wa ma'aikatanki inda aikinsu ke ƙarewa. Wani masani mai suna Adam Grant ya yi gwaji da masu buga waya suna nemar wa wata jami'a a Amurka gudummawa, aiki mai gundura da yawan shan kunya. Ya haɗa wasunsu da ɗalibi ɗaya da ke karatu da kuɗin da suke tarawa, suka yi hira ta 'yan mintoci. Bayan wata guda, lokacin da suke yi a kan waya ya ninka fiye da biyu, kuɗin da suke tarowa kuma ya kusa ninka uku. Ba a ƙara musu ko sisi ba, gani ne ya kori ji.

Ke ma 'yar'uwa ma'aikaciya akwai naki. Ki ware awa ɗaya ko biyu a yini da za ki rufe saƙonni ki fuskanci aiki guda har ki ga ƙarshensa. Gloria Mark ɗin nan ta taɓa raba ma'aikata 13 da imel na kwana biyar a shekarar 2012, sai tsalle-tsallensu tsakanin shafuka ya ragu daga sau 37 a awa zuwa 18, na'urar auna bugun zuciya kuma ta nuna hankalinsu ya fi kwanciya. Idan abokiyar aikinki tana ofishin da ke kusa, ki taka ki same ta maimakon tura saƙo. Ku ci abincin rana tare, ku riƙe adashinku da zuwa sunan juna. A taron bidiyo ki ɓoye hoton kanki, akwai wurin yin haka. Ki yi wa shugabanki bayani cikin ladabi cewa daga ƙarfe kaza kina tare da iyali, amma in abu ya taso a kira ki. Kuma ki koyi na'urar nan da kyau, ki wuce iya inda aka nuna miki, domin wadda ta san cikin abu ita ke juya shi.

Iyayenmu da mazajenmu kuma, idan 'yarku ko matarku ta dawo ta ce aikin ya fita ranta, kada a yi saurin cewa butulci ne. A zauna a saurare ta. Idan abin ya kai ga rashin barci, ko yawan ciwon kai, ko kuka ba dalili, a je asibiti, kada a tsaya sai ya yi nisa.

To jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya ƙare. Muna jiran wasiƙunku da saƙonninku, musamman ku ma'aikatan banki da asibiti da makarantu, ku gaya mana yadda na'ura ta sauya muku aiki, da daɗin da wuyar. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.